GIRGIZAR ƘASA TA TARAR DA MATAFIYI A CIKIN MOTARSA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya hore wa bayinSa ƙasa suna tafiya a bayanta, suna gini, suna shuka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi matafiyin da girgizar ƙasa mai ƙarfi ta auka masa yana nesa da gida, ba shi da wani makwanci sai motar da yake tafe da ita. Yaya zai yi da ransa da na iyalinsa? Yaya zai yi da sallarsa, da tsarkinsa, da abincinsa? Domin kada maganar ta zama ta ƙiyasi kawai, an ɗora ta a kan wani abu da ya auku a zahiri a ƙasar Niyu Zilan cikin shekarar 2016, sa'an nan a bi hukunce-hukuncen ɗaya bayan ɗaya bisa ga abin da malaman fiƙihu suka tabbatar, musamman na mazhabar Imamu Malik.

MOTA TAFI-DA-GIDANKA

A Turai da Amurka da Ostareliya da Niyu Zilan akwai wata irin mota mai girman ƙaramar bas wadda aka mayar da cikinta ɗaki. Akwai gado a ciki, da murhun gas, da tankin ruwa, da firiji, da kabad na ajiye kwanuka, har da ɗan makewayi. Mutum yakan ɗauki iyalinsa a ciki su yi mako biyu ko wata guda suna zaga ƙasa, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Waɗansu tasu ce, waɗansu kuwa haya suke yi. Sunan da ya fi dacewa da ita shi ne tafi-da-gidanka, gama halinta ɗaya da na kunkuru.

Garin Kaikoura yana bakin teku ne a gabashin tsibirin kudu na Niyu Zilan, duwatsu masu tsawo a bayansa, teku a gabansa, mazaunansa kuwa wajen mutum 2,000. Baƙi sukan yi tururuwa zuwa can don kallon manya-manyan dabbobin teku, da yawansu kuma a cikin irin wannan mota suke kwana, dab da gaɓar ruwa.

DAREN 14 GA NUWAMBA

Daren Lahadi wayewar Litinin, 14 ga Nuwamba 2016, wanda ya zo daidai da tsakiyar watan Safar na shekara ta 1438 bayan Hijira, da ƙarfe 12 da minti 2 na dare, ƙasa ta motsa. Ƙarfin girgizar ya kai maki 7.8. Ta faro ne wajen kilomita 60 kudu maso yamma da Kaikoura, daga zurfin kilomita 15 a ƙarƙashin ƙasa, ta yi ta tsaga tana nausawa arewa har kusan minti biyu. Minti biyu ba kome ba ne ga mai hira, amma ga wanda gadonsa ke jifa da shi daga wannan bango zuwa wancan, ya fi yini tsawo.

Da masu bincike suka bi sawu daga baya, sai suka tarar tsagogin ƙasa fiye da 20 ne suka motsa a wannan dare guda. A wani wuri ƙasa ta goce gefe wajen mita 10, har shingen gona ya rabu biyu, kowane rabi ya kama gabansa. A bakin teku kuwa ƙasan ruwa ne ya ɗago sama, duwatsun da ba su taɓa ganin rana ba suka fito fili da ciyayin ruwa da halittun da ke manne da su. Daga baya teku ya tunkuɗo igiyar nan da ake kira sunami, wadda a wani lungu kudu da garin ta hau tudu kusan mita 7. Gangaren duwatsu ya zaftare a wurare fiye da 10,000, ya binne babbar hanyar mota da hanyar jirgin ƙasa ta kudu da ta arewa, hanyar cikin duwatsu ma ta toshe. Gari ya waye Kaikoura ba shiga ba fita, ba ruwan famfo, ga baƙi wajen 1,000 a ciki.

Duk da wannan, mutum biyu ne suka rasu. Daga cikin dalilan da Allah Ya sanya akwai ƙarancin jama'a a yankin, da ingancin gine-ginensu, da kuma zuwan abin cikin dare, lokacin da ba motoci a kan hanyar da duwatsu suka rufe. Wata kuma yana daren goma sha huɗu, ya haska wa masu gudu hanyar hawa tudu.

MECE CE ZALZALA?

Larabawa suna kiran girgizar ƙasa zalzala. Mai lura zai ga harafi biyu ne aka maimaita, za da lam, sa'an nan za da lam. Malamin lugga Ibnu Jinni, wanda ya rasu a shekara ta 392 bayan Hijira, ya yi bayanin cewa kalmomin da aka gina haka suna nuna motsi ne mai maimaituwa, watau lafazin yana kwaikwayon ma'anar. Hausa ma haka take yi a cikin girgiza, da karkarwa, da raurawa. Akwai kuma rajfa, watau jijjiga mai tsanani, da hasfu, watau ƙasa ta haɗiye abin da ke kanta. Sura ta 99 a cikin Alƙur'ani, mai ayoyi 8, da zalzala aka yi mata suna, Suratul Hajji kuma da ambaton girgizar tashin Alƙiyama ta buɗe. A cikin Suratul Ahzab an yi amfani da kalmar ga zukatan muminai ranar da rundunoni suka kewaye Madina, abin da ke nuna cewa zuciya ma tana da tata girgizar, kuma jin tsoro a irin wannan hali ba ya rage wa mumini imani.

Malamai ba su bar wannan babi ba tun da. Imamu Suyuɗi na Masar, wanda ya rasu a shekarar 1505, wanda kuma ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, ya wallafa littafi sukutum a kan girgizar ƙasa mai suna Kashfus Salsala, ya jera waɗanda suka auku shekara bayan shekara.

Amma labarin nan da akan ji a bakin tsofaffi, wai duniya a kan ƙahon sa take, in ya gaji ya sauya ƙaho sai ta girgiza, ba shi da tushe ingantacce daga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, ɓawon ƙasa ba dunƙule yake ba, ɓangare-ɓangare ne kamar ƙwaryar da ta fashe gyartai ya ɗinke. Waɗannan ɓangarori suna tafiya a hankali, 'yan santimita kaɗan a shekara, kamar tsirar farce. Inda biyu suka haɗu sukan cije, nauyi ya yi ta taruwa shekaru aru-aru, ran da ɗinkin ya kasa sai su fizge gaba ɗaya. Niyu Zilan a kan irin wannan ɗinki take, tsakanin ɓangaren tekun Fasifik da na Ostareliya. Ma'aunin kuma ba kamar na awon hatsi ba ne, gama ƙarin maki ɗaya yana nufin ƙarfin ya ninka wajen sau 32.

Sanin wannan sababi bai ci karo da imani ba. Manomi ya san hadari ne ke kawo ruwa, bai kuwa hana shi sanin Wanda Ya kora hadarin ba. Sababi halittar Allah ne, abin da sababin ya haifar shi ma halittarSa ne.

SHIN AZABA CE?

Alƙur'ani ya ba da labarin mutanen Annabi Salihu da na Annabi Shu'aibu waɗanda rajfa ta halaka saboda kangararsu, da Ƙaruna wanda ƙasa ta haɗiye. Ya kuma inganta a cikin Buhari cewa yawaitar girgizar ƙasa na daga alamomin kusantowar Alƙiyama. An ruwaito cewa Madina ta girgiza a zamanin Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, ya tara mutane ya yi musu gargaɗi mai zafi a kan abin da suka fara sauyawa. Umar ɗan Abdul'aziz kuma, da irin wannan ta auku a zamaninsa, ya rubuta wa lardunansa yana umurtar jama'a da tuba da sadaka. Saboda haka girgizar ƙasa aya ce ta tsoratarwa, wanda ya ji ta bai farka ba, barcinsa ya yi nauyi ƙwarai.

Sai dai a nan akwai wurin da ƙafa take zamewa. Waɗancan al'ummai, wahayi ne ya faɗi laifinsu, wahayi kuwa ya yanke. Ba wanda yake da ikon ya nuna wani gari da yatsa a yau ya ce zunubinsu ne ya jawo musu. Ranar 6 ga Fabrairu 2023, da ƙarfe 4 da minti 17 na asuba, girgiza mai maki 7.8, daidai da ta Kaikoura, ta auka wa kudancin Turkiyya da arewacin Siriya, fiye da mutum 50,000 suka rasu, mafi yawansu Musulmi, cikinsu har da jarirai da masu shirin tashi sallar Asuba. Wa zai ce waɗannan sun fi mutanen Kaikoura laifi? Bambancin da ido ke gani shi ne cunkoson birane da dogayen benayen da ba su jure ba. Hadisi kuwa ya tabbata a cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim cewa Musulmin da gini ya rufta wa ya mutu yana cikin masu ladan shahada, ko da yake shi ana yi masa wanka da salla, ba kamar shahidin fagen fama ba. Abin da ya kamaci mumini shi ne ya ɗauki gargaɗin ga kansa, ya kyautata zato ga waɗanda abin ya shafa.

LOKACIN DA ƘASA KE RAWA

To, a ƙaddara wani magidanci Musulmi ne ya yi hayar irin wannan mota, ya sauka bakin teku da matarsa da 'ya'yansa, sun yi sallar Lisha sun kwanta. Motar a kan taya da sifirin take, saboda haka in ƙasa ta motsa takan yi tangaɗi fiye da ɗaki, kamar kwalekwale a kan igiyar ruwa. Kabad ya buɗe, kwanuka su zubo, firiji ya amayar da abin da ke cikinsa. Wanda bai taɓa ji ba zai zaci iska ce, ko wasu ne ke jijjiga motar daga waje. Amma tana da wata fa'ida babba: ba ta da dakalin siminti a bisa kai, ba ta da bangon bulo da zai faɗo. Abin da ke kashe mutane a girgizar ƙasa galibi gini ne.

Saboda haka masana suka ce, wanda abin ya tarar a kwance ya zauna inda yake, ya kāre kansa da wuyansa da matashin kai, ya rungumo yara, kada ya yi tsalle waje cikin duhu ƙasa na rawa. Wanda ya tarar yana tuƙi, zai ji kamar taya ce ta fashe. Sai ya rage gudu a hankali, ya tsaya gefe nesa da gada da turakun lantarki da gindin dutse, ya ja birkin hannu, ya zauna ciki har ta lafa. In ta lafa, aikin farko shi ne rufe tukunyar gas, kada a kunna ashana sai an tabbata ba ya yoyo. Sa'an nan a sa takalma saboda fasassun kwalabe, a ɗauki tocila da ruwan sha da bargo.

Amma na bakin teku, ba a gama da shi ba. Hukumomin Niyu Zilan suna koya wa jama'arsu cewa in girgiza ta hana mutum tsayuwa da ƙafafunsa, ko ta wuce minti ɗaya, kada ya jira sanarwa, ya nufi tudu nan take, da ƙafa in hali ya yi, domin motoci kan cushe hanya, hanyar ma watakila ta tsage. In ya ga teku ya janye baya ya bar kifi a fili, wannan ba ganima ba ce, igiyar ce ke ja da baya irin na rago. Kada kuma ya sauko don ta farko ta wuce, gama ta biyu ko ta uku tana iya finta.

Wani zai ce, ina tawakkali in ana gudu? Amsa ita ce, kiyaye rai yana cikin manyan abubuwa biyar da Shari'a ta zo don tsarewa, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham a shekarar annobar Amwas, da ya ji labarin cutar a wani wuri da ake kira Sargu sai ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa komawar ma ƙaddarar Allah ce, ya buga masa misali da makiyayin da ya sami kwari mai gefe biyu, ɗaya mai dausayi ɗaya busasshe, duk wanda ya zaɓa da ƙaddarar Allah ya zaɓa. Magidancin da ya saɓa ɗansa a kafaɗa ya hau tudu, bakinsa na ambaton Allah, shi ne ya haɗa tawakkali da sababi. Wanda ya zauna ya ce abin da zai faru ya faru, ya yi sakaci da amanar da aka ba shi.

HUKUNCIN SALLA

Na farko, in girgiza ta zo mutum yana cikin salla. A watan Agusta 2018, da girgiza ta auka wa tsibirin Lombok na Indonesiya, an ɗauki hoton wani limami a tsibirin Bali da ke maƙwabtaka, ya dafa bango ya ci gaba da karatu, wasu mamu suka tsaya tare da shi, wasu suka fita. Duniya ta yaba wa natsuwarsa. Amma kada a zaci waɗanda suka fita sun yi laifi. Malamai sun halatta yanke farilla ga wanda ya ji tsoron halaka, sun ma wajabta shi in za a ceci wani, kamar yaro ko makaho da ke bakin haɗari. Salla ana sake ta, rai kuwa ba a sake shi.

Na biyu, shin akwai salla ta musamman don girgizar ƙasa? Ba ta tabbata daga Annabi ba kamar yadda ta kisfewar rana ta tabbata. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya yi salla a Basra saboda girgiza, a kan wannan ne Hambalawa suka ce a yi ta kamar ta kisfewa in girgizar ta dawwama. Shafi'awa da Hanafawa suka ce kowa ya yi nafila shi kaɗai. A mazhabar Malik, Shehu Halilu ya ambata a cikin Muhtasar cewa yin sujada tsura don girgiza makaruhi ne, masu sharhi kuma suka bayyana cewa karhancin bai shafi cikakkiyar salla ba, ana ma son mutum ya yi raka'a biyu ko fiye, ya yawaita istigfari da addu'a da sadaka.

Na uku, ƙasaru. Wanda gidansa ke tafe da shi, matafiyi ne ko mazauni? Malaman da ba su ga mota ba sun ga jirgin ruwa. Malikawa suka ce matuƙin jirgi yana ƙasaru ko da iyalinsa na tare da shi a ciki, Hambalawa kuwa suka ce in ba shi da wani gida sai jirgin, cikawa zai yi. Saboda haka a mazhabar Malik mai tafi-da-gidanka yana mayar da Azahar da La'asar da Lisha raka'a bibbiyu matuƙar ya nufi tafiyar mil 48 na lissafin malamai, watau kilomita 80 da 'yan kai. In hanya ta toshe ya maƙale, yana sa ran fita yau ko gobe, ƙasaru zai ci gaba da yi ko da kwanakin sun yi yawa. In kuwa ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku, ko ya tabbata bisa al'ada ba zai fita kafin haka ba, sai ya cika.

Na huɗu, wurin salla da alƙibla. Motar da ke tsaye hukuncinta hukuncin ɗaki ne: in wurin mai tsarki ne, ana iya tsayuwa da ruku'u da sujada a fuskanci alƙibla, farilla ta yi. In ba a iyawa, sai a sauko ƙasa a fili nesa da gini da gangare. Ba a yin farilla a zaune kan kujera sai da larura, kamar tsoro ko ciwo ko taɓon da ya hana sauka. A kula kuma, harshe ya saba kiran alƙibla gabas, alhali a Kaikoura Ka'aba tana yamma ne da ɗan karkata kudu. Wanda ya rasa na'ura sai ya duba mafaɗar rana ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Na biyar, tsarki. Tankin irin wannan mota na 'yan kwanaki ne, in famfon gari ya ƙafe ya zama ruwan rai. Wanda ya ji tsoron ƙishirwa ga kansa, ko iyalinsa, ko abokin zama, ko da dabba ce wadda Shari'a ta kiyaye ranta, ya bar ruwan don sha ya yi taimama. Malikawa sun yalwata abin taimama: ƙasa, da yashi, da dutse, duk sun isa. Magidancin nan da Asuba ta tarar a kan tudu ba buta, ya dafa dutse ya shafi fuska da hannaye ya yi sallarsa cikin lokaci, ta kuwa karɓu in Allah Ya so.

ABINCI, AMANA DA HAƘƘIN BAƘO

Mutanen asali na ƙasar, watau Mawori, suna da zauren taron kabila a Kaikoura mai suna Takahanga. Da gari ya waye suka buɗe ƙofarsa ga kowa, suka yi ta dafa abinci dare da rana, har kwanon da suka raba cikin kwanakin ya wuce 10,000. Cikin abin da suka ciyar har da wani irin babban jatan lande na teku mai tsada, wanda daga gare shi garin ya sami sunansa. Musulmin da ya sami kansa a wannan zaure ba shi da damuwa a kan wannan, gama a wurin Malikawa duk halittar ruwa halal ce ba ta bukatar yanka, ko da yake Hanafawa sun taƙaita a kan kifi. Waɗannan mutane ba Musulmi ba ne, amma sun yi abin da Musulunci ya yi umurni da shi game da ɗan hanya, wanda Alƙur'ani ya sanya cikin kashi takwas na masu cin zakka ko da mawadaci ne a garinsu. Wanda aka yi wa alheri ya gode, ya kuma ji kunyar a fi shi.

Mai tafi-da-gidanka shi ma yana da abin bayarwa. Ranar da gidaje suka tsage, shi ne mai murhu, mai batir, mai gado. Malamai sun tabbatar cewa wajibi ne a ba wanda ya matsu rarar ruwa da abinci, har Malikawa suka ɗora lamuni a kan wanda ya hana har mabukacin ya mutu. Hadisi kuma ya yi narko mai tsanani ga mai hana matafiyi rarar ruwa.

Daga baya jiragen sama masu saukar ungulu suka fara jigila, jirgin ruwan sojan ƙasar mai suna Canterbury ya kwashi mutum fiye da 400 zuwa tashar Lyttelton kusa da birnin Christchurch, jiragen ruwan yaƙi na Amurka da Kanada da Ostareliya su ma suka kawo agaji. Baƙi da yawa dole suka bar motocin hayarsu a can. A fiƙihu abin haya amana ne a hannun mai haya, ba ya biyan abin da ya lalace ba da sakacinsa ko ƙetare iyakarsa ba. Amma wajibi ne ya kulle, ya sanar da masu ita, ya faɗi gaskiyar abin da ya auku. Babbar hanyar kuwa ba a sake buɗe ta gaba ɗaya ba sai 15 ga Disamba 2017, watau bayan wata 13.

MOTA TA ZAMA MAFAKA

Bayan babbar girgiza ƙanana sukan biyo baya ɗaruruwa, shi ya sa mutane kan ƙi komawa ɗaki su gwammace kwanan mota. A nan ma akwai abin kiyayewa. A watan Afrilu 2016, girgiza biyu suka auka wa Kumamoto ta ƙasar Japan tsakanin kwana biyu. Wajen mutum 50 ne rushewar gini da zaftarewar ƙasa suka kashe, amma fiye da 200 suka rasu daga baya saboda wahalar gudun hijira, cikinsu har da waɗanda suka yi ta kwana a takure cikin ƙananan motoci, jini ya daskare a jijiyar ƙafarsu, gudan ya tafi ya toshe huhu. Maganinsa a miƙe ƙafa, a riƙa fitowa ana takawa, a sha ruwa. Alwala da ruku'u da sujada sau biyar a yini ma taimako ne ga wannan. Haka nan kada a kunna gawayi ko janareto ko murhu a rufe ƙofa don jin ɗumi, gama hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

A Turkiyya kuwa, inda abin ya zo cikin tsananin hunturu, masu irin waɗannan motoci sun tura su yankin don marasa gida su fake, ƙasar Ƙatar ma ta yi alkawarin ɗakunan tafi-da-gidanka 10,000 waɗanda aka yi amfani da su lokacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2022. Abin da aka ƙera don shaƙatawa sai ga shi ya zama sadaka.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin nesa ne. Girgiza ta taɓa Ankara ta ƙasar Gana a 1939, ta kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Gini a watan Disamba 1983, mutanen Mpape a Abuja ma sun ji motsinta a watan Satumba 2018. Ga kuma ɗalibai da fatake da ke zuwa Turkiyya da Indonesiya da Japan, ga direbobin da rabin rayuwarsu a cikin mota suke kwana. Ilmin hukunci tun kafin aukuwa ake nemansa, gama ran wanka ba a ɓoyon cibi, ranar tsoro kuma ba a buɗe littafi.

Wanda ya kwana a cikin tafi-da-gidanka ya san cewa kowane masauki na dare ɗaya ne, shi ya sa ba ya ɗaukar kayan da suka fi ƙarfin motarsa, ba ya kuma kwanciya sai ya duba guzurinsa. Mai gidan bulo ma matafiyi ne, sai dai shi yakan manta. Ya kamata kowane magidanci ya tambayi kansa a daren yau, in ƙasa ta motsa kafin Asuba, da wane bashi zai tashi, da wace gaba, da wace sallar da bai rama ba.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a ƙarƙashin gine-gine, Ya ba waɗanda suka saura haƙuri, Ya mayar da kowane matafiyi ga iyalinsa lafiya, Ya tabbatar da dugadugan bayinSa ranar babbar girgiza. Amin. Allah ne Mafi sani.